Shinkafa ce a cikin dutsen, ko kuwa?

Tambaya: Malam, 'yata tana karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ta nuna mini hoton wani dutse a wayarta, cike da ƙwayoyi sak shinkafa, ta ce wai halittun teku ne, sunansu Fusulina. Ni dai shinkafa na gani. Gaskiya ne, ko yaran nan sun fara raina mana wayo? Wani mahaifi, Nima, Ankara.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan karon yarinya ce da gaskiya. Abin da ka gani ɓawo ne. Mai shi ƙwayar halitta ɗaya ce tal, ba kai ba ƙafa, daga cikin dangin da masana ke kira foraminifera. Ta rayu a teku marar zurfi sama da shekara miliyan 300 da suka wuce. Wani masani, Fischer de Waldheim, shi ya raɗa mata suna a 1829, daga duwatsun Rasha.

Ana rarraba dangin nan ne da irin bangon ɓawonsu. Wasu suna liƙa yashi su yi gida, wasu nasu fari fat, wasu haske na ratsa shi. Na su Fusulina an gina shi da ƙwayoyin farar ƙasa ƙanana ƙwarai, shi ya sa aka ware musu rukuni nasu, Fusulinida.

Ginin ne ya fi burge ni. Tana farawa da ɗaki ɗaya, ɗan dunƙule a tsakiya. Sai ta yi ta ƙara ɗakuna dogaye tana naɗe su a kansa yadda ake naɗe tabarma, kowane sabon zagaye ya lulluɓe na baya gaba ɗaya, ciki ya kumbura, bakin biyu su tsuke. Katangun da ke raba ɗakunan ba miƙaƙƙu ba ne, a lanƙwashe suke, sannan akwai 'yar hanya da ta huda su ta tsakiya. Bangon kuwa, duk siririntarsa, hawa huɗu ne. Na Schwagerina, wata 'yar uwarta wadda ta zo daga baya, hawa biyu ne, na cikin mai kauri da ramuka a jere. Ta waje ba ka raba su. Dole a yanka dutsen, a goge shi har haske ya riƙa wucewa, a sa a madubin ƙara girma. In ka ji 'yarka na ƙorafin gugar dutse, aikin ke nan, kada a yi mata dariya.

Kar kuma ta wahalar da kanta nema a bakin tekun Ankara. Duwatsun da ke wajen sun girmi Fusulina, na zamanin Devonian ne. A Rasha da Sin da jihar Kansas ta Amurka ake samun danginta jibgi. Rukunin duka ya ƙare kimanin shekara miliyan 252 da suka wuce, a wata halaka da ta share mafi yawan halittun teku.

Na san abin da ke ranka ko ba ka rubuta ba: wannan karatu zai ba da abinci? Irin waɗannan ɓawo suna sauya kama daga zamani zuwa zamani, don haka masu haƙar mai da su suke gane shekarun dutsen da suka huda. Ghana da ta gano mai a filin Jubilee tun 2007 tana da buƙatar mai wannan ido. Ka ce ta nuna maka hoton yankakken ɓawon, ka ƙirga zagayen da kanka.