Amsa ga ɗiyata kan karatun Littafi da yara a gida

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Ina gajiya, ina maigidan da yaran? Kin ce babban ya shiga shekara bakwai, ƙaramar tana cikin ta huɗu. Kina tambaya ko al'adarmu ta zaman karatun Littafi Mai Tsarki da dare ta dace da masu waɗannan shekaru, ko a bar wa makarantar Lahadi, da kuma ta inda za ki ɓullo wa maganar fansa da bege ba tare da kin firgita su da zancen mutuwa ba.

Kada ki bar wa makarantar Lahadi. Sa'a guda ce a mako, sauran kwana shida kuwa a hannunki suke. Maimaitawar Shari'a 6:7 iyaye ta ɗora wa aikin, a zaune cikin gida, a kan hanya, da kwanciya da tashi. Masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Zinder a 1924, cikakken Littafi da Hausa ya fito a 1932, amma har gobe mu Kirista kaɗan ne a Damagaram. Abin da yaro bai ji a tsakar gida ba, da wuya ya tsince shi a unguwa.

Lokaci tukuna. Bayan tuwon dare, kafin barci ya fara fizgarsu. Minti goma ya isa, in ya yi yawa sha biyar. Ki shimfiɗa tabarma wuri guda kullum, fitila a kusa saboda ɗauke wuta, wayoyi a ɗaki. Waƙa ɗaya, labari ɗaya da bai wuce aya takwas ko goma ba, tambaya biyu, sai addu'a. Inda iyaye suke kuskure shi ne karanta sura sukutum da muryar mai wa'azi. Kwana uku yaro ya fara ɓuya in ya ga an ɗauko tabarma. Kuma kada a taɓa haɗa zaman nan da horo. In ya yi laifi da rana, a gama hukunci da rana.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Kalmomin nan biyu, fansa da bege, ma'anarsu a bakin titi daban take da ta cikin Littafi, yaro kuwa ta titi yake fara ji. Fansa a wurinsa ita ce ɗaukar fansa, wato ramuwa: ka mare ni, in rama. In kika ce masa Yesu ya zo domin fansa ba ki warware ba, zai ɗauka ramuwa ya zo yi. To ki bi ta jingina, abin da yake gani a gari. Ki karɓi takalminsa ki ce ya shiga jingina, ba ya fita sai da dala ashirin. Ya laluba aljihu, babu. Ki ƙyale shi ya ɗan ji nauyin rashin, sannan babansa ya ciro kuɗin daga nasa aljihun ya fanso takalmin ya sa masa a ƙafa. Sai ki tambaye shi: wa ya biya? Na wa ne takalmin yanzu? Daga nan ki buɗe Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Kashegari ki ƙara da 1 Bitrus 1:18-19, cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba. Wannan wasa na babban ne. Ƙaramar kuka za ta yi in an ɗauke mata takalmi, darasin ya lalace. Ita ki ba ta Luka 15, ɓatacciyar tunkiya. Ki ɓoye dutse ɗaya cikin goma ƙarƙashin tabarma, ku ƙirga, ku nema, in an samu kowa ya yi guɗa.

Bege ma haka. A Hausar yau da kullum bege marmarin wanda ba ya nan ne, da ɗan baƙin ciki a ciki. Na Littafi kuwa jiran abin da aka yi maka alkawari ne, kana da tabbacin mai alkawarin. Manomanmu sun san shi, su da suke binne iri a busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba. Ki samo gwangwanin tumatir, ki huda gindinsa wuri huɗu da ƙusa, ki cika da rairayi da ɗan taki. Kowane yaro ya binne ƙwayar wake uku, zurfin gaɓar yatsa ɗaya. Ruwa kaɗan safe da yamma, ƙasa ta jiƙe kawai. Cikin kwana uku zuwa biyar zai tsiro. Abu biyu ke kashe shi: yaro ya yi ta malala ruwa har irin ya ruɓe, ko a bar gwangwanin a rana, musamman in kin yi shi wajen Ista da zafin bazara, ƙarfen ya dafa irin. Ki ajiye a inuwa inda kaji ba sa kaiwa, ki kuma shuka naki gwangwani a gefe don kada a rasa gaba ɗaya. Za su so tonawa su duba. Ki hana su, domin jiran nan shi ne karatun. Ranar da ya ɓullo ku karanta Yohanna 12:24, ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta mutu sannan ta ba da 'ya'ya.

Game da mutuwa, kada ki ɓoye, kada kuma ki zurfafa cikin ƙusa da jini. Abu guda na hana ki: kada yaro ya kwanta a kan labarin gicciye. Daren da kika faɗi mutuwar Yesu, a daren ki kai su ga kabarin da aka tarar babu kowa, Luka 24. In an yi rasuwa a dangi kuma, kada ki ce wane ya yi tafiya, don yaro zai zauna bakin ƙofa yana jira. Ki ce ya mutu, muna kuka, kuma muna jiran ranar tashi.

Hadda, aya ɗaya a mako ta wadatar, rabinta ga ƙaramar. Ku fara da Zabura 23. Babban yana koyon karatu da Faransanci a lakwal, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ za su ba shi wahala, harafin u kuma zai karanta shi irin na Faransanci. Ki ɗora yatsansa kan layi, ya karanta aya guda, ke ki ƙarasa sauran.

Za su dawo da tambayoyi daga wurin abokan wasa, tunda maƙwabtanmu Musulmi ne, suna girmama Annabi Isa amma ba su ɗauki gicciye yadda muka ɗauka ba. Ki amsa a natse abin da muka gaskata, ki koya musu gaida manya da cin abinci da kowa, ki hana su gardamar addini a waje. In tambaya ta fi ƙarfinki, ki ce za ku tambayi fasto ranar Lahadi, kuma ki tabbata kun tambaya.

Ki gaida maigidan. Ki ce masa addu'ar rufewa tasa ce duk daren da yake gida.