Amsa kan waƙar da ka ji a Omdurman

Ɗan'uwa, ka ce ka wuce ta gefen wani coci a Omdurman ta ƙasar Sudan ka ji suna rera waƙa da Larabci amma karin sak irin wanda kake ji a Jos tun kana yaro, kana tambaya wai su wa suka rubuta. Kunnenka bai yaudare ka ba. Da yawan waƙoƙin cocin nan tushensu ɗaya ne, daga Amurka da Ingila suka fito a ƙarni na 19, 'yan mishan suka riƙa fassara kalmomin zuwa yaren duk inda suka je, karin kuma suka bar shi yadda yake, shi ya sa ka ji shi a Hausa can ka zo nan ka ji shi a Larabci.

Wadda ta fi taɓa ni a cikin marubutansu ita ce Fanny Crosby. An haife ta a 1820, ta makance tun tana jaririya, amma kafin ta rasu a 1915 ta tsara waƙoƙi sama da 8,000, a kanta take haɗa baitocin ta haddace sannan ta faɗa wani ya rubuta mata. Ni dai duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Sai Ira Sankey, mawaƙin da ke bin mai wa'azi Dwight Moody, shi da marubucin waƙoƙi Philip Bliss suka fitar da kundin waƙoƙinsu a 1875. Shekara guda bayan nan Bliss ya rasu tare da matarsa a haɗarin jirgin ƙasa a jihar Ohio, yana ɗan shekara 38 kacal.