An samu ƙanena da laifin lalata da yarinya a Ingila: za mu iya ɗaukaka ƙara?

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Ingila. Kotun Crown, wato kotun manyan laifuka, ta samu ƙanenta da laifin lalata da yarinya 'yar shekara 15, ana jiran ranar yanke hukunci. Shi ya ce sharri aka yi masa. Dangi a gida suna ta haɗa kuɗi, wani kawunsu kuma ya ce a tura dattawa su roƙi iyayen yarinyar ta janye magana.

Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Bari mu fara da shawarar kawu, don ita ce mafi haɗari. Kada kowa ya je, kada a kira waya, kada a aika saƙo ta hannun wani. Abin da muke kira biko ko sulhu a gida, a Ingila tsoratar da shaida ne ko yi wa shari'a zagon ƙasa, kuma ana ɗaure mutum a kansa. Haka nan dokar 1992 ta hana bayyana sunan wadda aka yi wa irin wannan laifi har ƙarshen rayuwarta, ko da a Facebook ne ko zauren WhatsApp na dangi. Yarinya ce ƙarama da ta tsaya gaban kotu ta faɗi abin da babba ma ke jin nauyin faɗa. A ƙyale ta.

Sai wa'adi. Kwana 28 ne, kuma lissafi yana farawa daga ranar da aka same shi da laifi, ba ranar yanke masa shekaru ba. Nan mutane da yawa ke faɗuwa, suna zaune suna jiran hukunci kwanakin na tafiya. Ƙorafi kan tsawon ɗauri yana da nasa kwana 28 daban. Ku nemi baristan da ya tsaya masa ya rubuta ra'ayinsa kan ɗaukaka ƙara; idan gwamnati ce ta biya lauyan, wannan yana cikin aikinsa. Idan ya ga dalili, sai a cike fom NG, wato takardar neman ɗaukaka ƙara.

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta sake sauraron shari'a daga farko. Tambayarta ɗaya ce a ƙarƙashin dokar 1968: shin hukuncin yana da tangarɗar da ba za a iya dogara da shi ba? "Ƙarya ta yi" ba dalili ba ne, domin masu taya alƙali yanke hukunci sun saurare ta sun gaskata ta. Abin da ke shiga shi ne alƙali ya yi musu bayanin doka ba daidai ba, ko an karɓi hujjar da bai kamata ba, ko masu gabatar da ƙara sun riƙe wani abu da zai taimake shi, ko sabuwar hujja tare da gamsasshen bayanin abin da ya hana kawo ta tun farko. Idan lauyoyinsa na baya zai zarga, sai ya yarda a buɗe sirrin da ke tsakaninsu, su ma su faɗi nasu. Wanda ya amsa laifi da bakinsa kuwa, ƙofarsa ta ƙara ƙunci.

Alƙali ɗaya ne ke fara duba takardun. Idan ya ƙi, akwai kwana 14 na sake kai buƙatar gaban cikakkiyar kotu, amma idan ta ga ba ta da tushe tana iya cewa wasu kwanakin da ya yi a tsare ba za su shiga lissafi ba. Ko an yi nasara, ana iya sake shari'ar. Idan kuma ba a yi nasara ba, sai hukumar CCRC da ke Birmingham, mai sake duba shari'o'in da ake zargin an yi kuskure a cikinsu, ita kyauta ce. Saboda haka kada a sayar da gona a gida kafin a ga ra'ayin lauya a rubuce, kuma duk wanda ya ce ya tabbatar muku da nasara, ku riƙe kuɗinku.

Maganar takardu. Idan ba ɗan ƙasa ba ne, ɗaurin wata 12 ko fiye yana jawo tasa ƙeya a ƙarƙashin dokar 2007, ko da yana da izinin zama na dindindin. Ba a sa hannu kan umarnin tasa ƙeyar muddin ƙarar da aka ɗaukaka tana gaban kotu, amma wasiƙar Ma'aikatar Cikin Gida tana iya iske shi a gidan yari. Lauyan shige da fice ne zai amsa ta cikin wa'adin da aka rubuta, shi ne kuma zai duba bizar matarsa idan a kan tasa take. Sunansa zai shiga rajistar 'yan sanda ta masu laifin lalata: ɗaurin wata 30 ko fiye, babu ranar fita, sama da wata 6 zuwa ƙasa da 30, shekara 10.

Hajiya, ɗan'uwanki ne, ki ziyarce shi, ki yi masa addu'a. Amma muddin hukuncin na nan, idan ma'aikatan kula da yara suka zo kan 'ya'yansa, a ba su haɗin kai. Idan kuma aka mayar da shi gida, ki gaya wa manyan gidanku ainihin abin da kotu ta samu, kada a ce "matsalar takardu ce", a bar shi shi kaɗai da yaran gida ko 'yan talla.