Ta yaya ake gane gyaran titi ya yi aiki?

Malam, ka tambaya ko auna titi kafin gyara da bayan gyara ya isa ya nuna aikin ya yi amfani. Gaskiya bai isa ba. Ai ba ƙuri'a ake jefawa wajen zaɓen titin da za a gyara ba, wanda ya fi lalacewa ake fara taɓawa, to ko yaya aka shafa masa kwalta lambobin za su yi kyau a watannin farko.

Ka nemi wani ɓangaren titi da ba a taɓa ba, mai shekaru iri ɗaya, yawan manyan motoci da ruwan sama kusan ɗaya, ka dinga auna su tare duk shekara da ma'aunin IRI na gargada, mita nawa a kowace kilomita, ko PCI, ma'aunin lafiyar fuskar titi mai maki 0 zuwa 100, sai ka duba wanne ya fi saurin lalacewa, don a nan amfanin gyaran yake, shekara nawa ya ƙara wa titin kafin ya koma yadda yake.

Kuma kar ka ƙirga awo goma a titi ɗaya kamar tituna goma ne, nan mutane da yawa ke ruɗin kansu.