Hukuncin manhajar da ke cire sunayen mabuƙata daga jerin tallafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin haɗa manhajar kwamfuta a wata ƙungiya mai raba abinci ga 'yan gudun hijira. Mun ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan jerin sunaye don ta riƙa gano masu karɓa sau biyu. Da can wanda ta zarga sai ma'aikaci ya je ya duba, yanzu shugabanmu ya ce a daina don rage kashe kuɗi, wanda ta nuna a cire shi kawai. Wani abokina ya ce ba ni da laifi tunda na'ura ce ta yanke. Amma raina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, rashin kwanciyar ranka alheri ne, kada ka bari a kashe maka shi.

Yin amfani da na'ura wajen tsare dukiyar mabuƙata halal ne, babu saɓani. Abin da ya juya hukuncin shi ne maganarka ta "a cire shi kawai". Da can manhajar tana nuna shakka, mutum ya bincika. Yanzu shakkar ta zama hukunci, an ce wa mutum maha'inci ba a ji ta bakinsa ba. Ka fi ni sanin mutanen nan: a sansani ɗaya A'isha Muhammad nawa ce? Nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu don ba su san ranar haihuwarsu ba? Hana su abinci a kan wannan zato haramun ne, domin abincin amana ne a hannunku, ba kyautar ƙungiya ba ce.

Maganar abokinka kuwa na sha jin ta, har daga bakin masu karatu. Suna kafa hujja da hadisin da ya ce ɓarnar dabba ba ta da ramuwa, da ƙa'idar cewa idan mai aikatawa da mai jawo sababi suka haɗu, lamuni yana kan mai aikatawa. Wai na'ura ce ta aikata, kai sababi ne. Wannan ƙiyasi bai tsaya da ƙafarsa ba. Ƙa'idar tana aiki ne idan mai aikatawar yana da hankali da zaɓi, wanda za a iya kama shi. Manhaja ba mukallafi ba ce, ba ta rantsuwa, ba ta tuba. Kayan aiki ce kamar wuƙa, kuma ba a taɓa jin an kai wuƙa gaban alƙali ba. Shi kansa hadisin dabba, malamanmu ba su sake shi haka ba. Ɗan makarantar da ya karanta Risala ya san mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. Kuma a hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azib, Annabi (SAW) ya ɗora wa masu dabbobi ramuwar abin da suka ɓata da dare. Dabba ma mai rai da son ranta ke nan, balle abin da kai ka koya masa wa zai zarga. Laifin ya rabu: mafi nauyi a kan wanda ya ba da umarni, kai kuma gwargwadon saninka da ikonka.

An ga ƙarshen irin wannan a ƙasar Holand. Hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta wajen zargin iyaye da zamba a tallafin renon yara, har samun shaidar zama ɗan ƙasa biyu ya zama abin tuhuma. Iyalai fiye da 20,000 aka zalunta, gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021, ba wanda ya karɓi uzurin cewa kwamfuta ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, ka tuna wa shugabanka wannan idan hadisi bai motsa shi ba.

Kada ka yi saurin ajiye aiki, wanda zai gaje ka wataƙila ba zai damu ba. Ka rubuta wa shugabanka ƙorafinka a takarda, ka nemi a dawo da mai dubawa, a kuma buɗe ƙofar da wanda aka cire zai kawo kuka cikin harshensa. Ka ɗauki sunaye ashirin daga waɗanda aka cire ka bi su da kanka, hujja a hannu ta fi dogon bayani. Ban halatta maka lalata manhajar a ɓoye ba, ko watsa bayanan mutane a Facebook don tona asiri, wannan wata cin amanar ce. Idan ya ƙi, ka kai ga na sama da shi. Idan duk suka ƙi, ka cire hannunka daga wannan ɓangaren aikin. Waɗanda aka riga aka cire kuwa, tuba ba ta cika sai an mayar musu da rabonsu na watannin da suka wuce.

Wallahu a'alam.