Munduwar maganaɗisu: lambar da ke jikin kwali da abin da ke isa fata

Tambaya: Na ga munduwa iri biyu ta maganaɗisu a wani shago a Kano. An rubuta gauss 3,000 a jikin ɗaya, ɗayar kuma 12,000, kuma kuɗinta ya ninka. Ina fama da ciwon wuyan hannu. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malam, kafin ka zaro kuɗi, ka sani lambobin nan biyu suna iya zama na maganaɗisu iri ɗaya. Gauss ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne, 10,000 nasa ke yin tesla ɗaya. Sai dai awon iri biyu ne. Akwai ƙarfin da ke cikin ainihin sinadarin, wanda masana'anta ke rubutawa, akwai kuma wanda za a samu idan aka ɗora na'urar awo a kan fuskar ɗan maganaɗisun. Mai talla ya fi son na farko domin ya fi cika ido.

Ga lissafin. Ɗauki ɗan faifan neodymium, wato maganaɗisun zamani mai ƙarfi sosai, mai faɗin milimita 3 da kaurin milimita 2, irin wanda ake dasawa a bayan kowace gaɓar munduwa, mai daraja N35. A takarda gauss 12,000 ne. A kan fuskarsa kusan 4,800. Matsa milimita ɗaya kacal, ya koma 2,000. A milimita 5 saura 120, a santimita ɗaya kuwa 20. Gaɓar da ke maka ciwo tana ƙarƙashin fata da kitse da jijiyoyi, saboda haka abin da ke isa can ɗan kaɗan ne. Kana iya gani da idonka: kara allura a bayan munduwar za ta manne, sa takardu hamsin a tsakani ka sake gwadawa.

Yadda aka yi har ƙwayar da ba ta kai wake ba ta sami wannan ƙarfi shi ne tarihin sana'ar. Alnico na shekarun 1930, haɗin ƙarfe da alminiyum da nikel da kobalt, sai an yi shi dogo kafin ya riƙe ƙarfinsa, don haka bai dace da kayan sawa ba. Ferrite, wato baƙin maganaɗisu mai kama da tangaran da kamfanin Philips ya fito da shi a farkon shekarun 1950, shi ya buɗe kasuwar. Ga arha, ga shi ba ya tsatsa, ƙarfinsa a takarda wajen gauss 4,000 ne. Da shi Japanawa suka soma filastar da ake mannawa a kafaɗa da shimfiɗar cikin takalmi a shekarun 1970. Sai samarium da kobalt, mai ƙarfi amma mai tsada. A farkon shekarun 1980 Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors a Amurka, kowa a ɓangarensa, suka samar da maganaɗisun neodymium. Daga nan ne maganaɗisu ya ƙanƙance har ya ɓuya cikin zobe da sarƙa.

To amma ci gaban na ƙira ne, ba na warkarwa ba. A 2007 wasu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada, ba su ga shaidar cewa irin wannan maganaɗisu na rage ciwo ba. A 2013 Jami'ar York ta Ingila ta gwada masu amosanin gaɓɓai 70 da ɗaurin maganaɗisu da munduwar tagulla, sakamakon bai bambanta da na jabu ba. Idan ado kake so, ɗauki mai arhar. Hannun kuma ka kai shi a duba.

Tambaya: Mai sayarwa ya ce sarƙarsa ta dutsen hematite ce na asali, kuma ɓangaren arewa kaɗai ke fuskantar jiki, wai shi ke jan jini. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, hematite na ƙasa da kyar yake jan allura. Baƙaƙen duwatsun nan masu sheƙi da ke manne wa juna ferrite ne da aka gasa a masana'anta aka goge.

Kowane maganaɗisu yana da ɓangare biyu, arewa da kudu, kuma batun jera su salo biyu ne. Wasu suna juya dukkan maganaɗisun su kalli fata da fuska ɗaya. Wasu suna cakuɗa arewa da kudu, layi-layi, ko zobe cikin zobe, ko kamar gidan dara, musamman a robar da ke cikin ɗamara da abin ɗaure gwiwa. Salon cakuɗawa yana riƙe ƙarfe gam idan an manna, amma ƙarfinsa ya fi saurin mutuwa da nisa, domin kowane ɓangare yana soke maƙwabcinsa. Dabarar maganaɗisun jikin firij ke nan. Babu sahihin binciken da ya nuna arewa ta fi kudu amfani ga jiki.

Jan jini ma ba ya faruwa. Ƙarfen da ke cikin jini a ɗaure yake, ba ya bin maganaɗisu kamar ƙusa. Na'urar hoto ta MRI tana aiki da tesla 1.5 zuwa 3, kuma ƙarfinta yana ratsa jiki ɗungurungum, amma mutane na shiga su fito jininsu bai taru wuri guda ba.

Tambaya: Munduwata ta yi wata uku, yanzu bayanta ya yi ja-ja, fatata kuma na ƙaiƙayi.

Amsa: Cire ta yau. Kusan kashi biyu cikin uku na maganaɗisun neodymium baƙin ƙarfe ne, kuma yana saurin tsatsa. Abin da ke kare shi rufi ne mai hawa uku, nikel da tagulla da nikel, wanda duka kaurinsa bai kai silin gashi ba. Gishirin zufa da ruwan alwala sau biyar a rana suna cinye rufin, tsatsa ta shiga, ƙwayar ta kumbura ta marmashe. Ƙaiƙayin kuma galibi na nikel ne, wanda fatar mutane da yawa ba ta so. In za a sake saye, a juya bayanta a duba: maganaɗisun ya kasance a binne ƙarƙashin murfin roba ko na ƙarfe, jikin munduwar kuma titanium ko ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316L. Kada a bar ta kusa da murhu ko a gaban mota cikin rana, domin neodymium na yau da kullum yana soma rasa ƙarfi daga digiri 80 a ma'aunin Celsius.

Tambaya: An sa wa mahaifina na'urar daidaita bugun zuciya, yana kuma shan maganin hawan jini. An ba shi sarƙar maganaɗisu, wai zai iya barin ƙwayoyin.

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ya sa ta, kada kuma ya bar maganinsa ko na kwana ɗaya ba da izinin likita ba. An ƙera irin wannan na'ura ta sauya yadda take aiki idan ta ji ƙarfin da ya kai wajen gauss 10, shi ya sa ake cewa a nisanta maganaɗisu da ita aƙalla santimita 15. Sarƙa kuwa daidai ƙirji take sauka, munduwa ma tana kaiwa can idan mutum ya ɗora hannu yana barci.

A kuma ɗauke ta daga inda jikoki za su kai. Yaro in ya haɗiyi ƙwayar maganaɗisu guda biyu, sai su manne ta tsakanin hanji su huda shi, kuma ciwon ba ya nuna kansa da wuri. Ko zato aka yi, a garzaya asibiti, kada a jira amai.