Na haɗa 5000 da 200, shafina ya ba ni 5000200: ta yaya zan gano inda matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon JavaScript, sai na haɗa wa yayana ɗan shafin lissafi na shagonsa: a rubuta kuɗin kaya, a rubuta kuɗin dako, a danna maɓalli jimilla ta fito. Da farko in na danna, ba abin da ke motsi. Na yi ta sauye-sauye har ya fara aiki, ban ma san abin da na gyara ba. Yanzu kuma in na sa 5000 da 200, sai ya nuna min 5000200. Na cika rubutun da alert, umarnin da ke fito da ɗan akwatin saƙo, har na gaji. Akwai hanyar da zan ga abin da ke faruwa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai, kuma tana cikin burauzar da kake amfani da ita, ba sai ka sauke komai ba. Buɗe shafin a kwamfuta ka danna F12. Chrome, Edge da Firefox duk za su buɗe maka kayan aikin masu gina shafuka a gefe ko a ƙasa. A Safari sai ka fara kunna su daga saituna. Da can sai mutum ya girka Firebug a Firefox, wanda Joe Hewitt ya fitar a 2006, amma tun 2017 aka daina shi, domin kowace burauza ta zo da nata.

Matsalolinka biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta farko mai ƙara ce, ta biyu mai shiru.

Lokacin da maɓallin ya ƙi motsi, burauza ta faɗi dalili, kai ne ba ka leƙa inda ta rubuta ba. Wurin shi ne sashen Console. Ina kyautata zaton da ka duba, da ka ga jan rubutu kamar haka: Uncaught TypeError: Cannot read properties of null. Ma'anarsa ka nemi wani abu a shafin da getElementById, ba a same shi ba, aka ba ka null, wato babu komai, kai kuma ka ci gaba da aiki da shi kamar yana nan. Galibi abu biyu ke jawo wannan: ko dai sunan da ke cikin HTML ya bambanta da wanda ka kira, ko da a babban baƙi da ƙarami ne, ko kuma rubutun yana sama cikin head, ya gudana tun kafin burauza ta gina maɓallin. Maganin na biyun shi ne ka ƙara defer a alamar script, ko ka mayar da ita ƙasan shafi. A gefen dama na jan rubutun akwai sunan fayil da lambar layi. Danna shi ya kai ka wurin kai tsaye. In jajayen sun yi yawa, fara da na sama, domin sauran sau da yawa 'ya'yansa ne.

Matsala ta biyun ce ta fi koyar da mutum, don ba za ka ga ja ko ɗaya ba. A wurin JavaScript ba a yi laifi ba. A nan alert ba zai taimake ka ba, zai ma ruɗe ka: ko adadi ne 5000 ko rubutu, iri ɗaya zai nuna maka su.

Shiga sashen Sources, wanda Firefox ke kira Debugger. Buɗe fayil ɗinka, nemo layin da ake haɗa kuɗin, danna lambar layin. Ka sa shinge ke nan. Koma shafin ka cika gurabe ka danna maɓalli. Komai zai tsaya cak a kan wannan layi, kafin a aiwatar da shi. Ɗora linzamin kwamfuta a kan sunan da ka ajiye kuɗin kaya, ko ka duba ɓangaren Scope. Za ka ga "5000" cikin alamun zance. Waɗannan alamun su ne amsarka: duk abin da aka ɗauko daga gurbin shigarwa da value rubutu ne, ko da ka sa wa gurbin type="number". Alamar tarawa kuwa in ta haɗu da rubutu, jera su take yi. Abin da ke ƙara rikita mai koyo shi ne ɗebewa da ninkawa suna aiki daidai: "5000" - "200" zai ba ka 4800. Tarawa ce kaɗai ke da wannan hali.

Yayin da kake tsaye a shingen, Console yana ganin duk abin da layin ke gani. Rubuta Number(kaya) + Number(dako), da sunayen da ka yi amfani da su, ka gwada gyaran nan take kafin ka taɓa fayil. Ya kamata ka ga 5200. F10 na matsar da kai layi ɗaya gaba, F11 na shigar da kai cikin aikin da aka kira, F8 na sakin komai ya ci gaba a Chrome.

Gwada kuma yadda yayanka zai rubuta kuɗi da gaske. Mutanenmu 5,000 suke rubutawa, da waƙafi. Number("5,000") zai ba ka NaN, wato ba adadi ba ne, wanda da sauƙi tunda za ka gani. Amma parseFloat("5,000") zai ba ka 5 ba tare da ya ce uffan ba, a shago kuwa wannan asara ce. Cire waƙafin kafin ka juya shi zuwa adadi. Ni na fi son Number a irin wannan aiki, saboda ba ya rufa wa kuskure asiri.

In maɓallin yana cikin form, dannawa na iya sake loda shafin, saƙonnin Console su goge kafin ka karanta. Kunna Preserve log su tsaya, sannan ka sa preventDefault a rubutunka don ya hana sake lodawar. In kuma ka gyara fayil amma shafin ya nace kan tsohon hali, burauza ce ke ba ka kwafin da ta ajiye. A sashen Network sa alama a Disable cache. Yana aiki ne kawai muddin kayan aikin suna buɗe. A nan ne kuma za ka ga ko fayil ɗin ya iso ma: 404 na nufin ba a same shi a adireshin da ka bayar ba.

Tunda mai yiwuwa a waya yayanka zai buɗe shafin, gwada shi a can. A Android, taɓa Build number sau bakwai a saituna don buɗe zaɓin masu gina manhaja, kunna USB debugging, haɗa wayar da kwamfuta da kebul, ka rubuta chrome://inspect a Chrome na kwamfutar. Shafin da ke buɗe a wayar zai bayyana, ka danna inspect, ka samu Console da shingayenka kamar yadda ka saba, kana dannawa a waya kana karantawa a kwamfuta.